Ludayin Baƙonmu Buzu

Har yau in na ɗauki ludayin duma, bakin wani mutum nake tunawa, bakin da ban taɓa gani ba.

Shekarar da fari ya cinye dabbobin arewa ne, ina 'yar talla, wani Buzu ya sauka a zaurenmu a unguwar Yara cikin Keffi, da matarsa da 'yarsu, duk sun rame kamar kara. Babanmu ya ba su ɗaki. Matar da yarinyar suka saba da mu nan da nan. Shi kuwa kullum yana zaure cikin maza, amawali ya rufe masa fuska sai idanu. Mu yara muka yanke cewa ba shi da baki.

Kakata ba a raina girkinta a Keffi, ni ma wurinta na gada. Ta kirɓa sakwara, ta yi miyar kuɓewa mai yauƙi, ta aika. Kwano ya dawo yadda ya tafi. Washegari ma haka. Babanmu ya ce wanda ya raina abincin gida ya raina gida, in aka sake sai su nemi wani masauki. Ga damina ta kawo kai, ga yarinya tana tari.

Ni dai bakin nake son gani, sai na laɓe bayan asabari. Na ga ya gutsuri loma, ya kai ta gindin amawali, miya ta ja zare har gwiwarsa. Ya dubi mazan da ke kallonsa, ya mayar da ita kwano. Na ruga na faɗa wa Kaka cewa yana so, hanya ce babu.

Sai ta ce, "Ashe kunya ce. A wurinsu buɗe baki gaban manya tsiraici ne. Miƙo min ludayi."

Ta dama fura mai kauri, ta aika masa da ludayin. Ya zura ludayi ta ƙarƙashin amawali, ya shanye ƙwarya tas. Babanmu bai sake maganar tashi ba. Daga baya Buzun ya sami gadin shaguna a Sabon Gari, 'yarsa ta shiga makaranta, abin da ni ban samu ba.

Yanzu jikokina suna nuna mini masu rabon agaji a waya, sai an ɗauki hoton fuskar mutum kafin a miƙa masa mudun shinkafa. Nakan ce, mu shekara shida muka ciyar da namu, ko haƙorinsa ba mu gani ba.