Sunan da Ba a Raɗawa a Garinmu

A garinmu akwai suna guda da ba a raɗa wa yaro. Suna ne mai kyau, na Musulmi, ko'ina ana sa shi, amma ban da mu. Sunan wani sarkin yaƙi ne na zamanin basasa, lokacin da 'ya'yan gidan sarauta ɗaya suka raba ƙasa biyu a kan gadon mulki. Garinmu ya bi ɓangaren da aka ci. Shi kuwa ya zo mana da kaka, hatsi yana rumbu, ya cinna wuta, ya cike rijiyoyi, ya tasa mata da yara a gaba. Kakar Innata tana jaririya aka ɓoye ta cikin ramin rini. Yayarta ba a sake ganinta ba. In dole ta sa a ambace shi, "mutumin nan" muke cewa.

Ni kuma sai na tashi na auri tattaɓa-kunnensa.

A jami'a muka haɗu, kuma ban san asalinsa ba sai da magana ta yi nisa. Dangi suka yi wa Inna caa, wai za ta kai jininmu gidan wuta. Ita ta tsaya mini. Ta ce yaro bai zaɓi kakansa ba. Ranar da ya zo gaishe ta, yana durƙushe, abu ɗaya ta roƙe shi: in Allah ya ba mu ɗa namiji, ya sa masa duk sunan da ya ga dama, ban da wannan. Ya ce, "Inna, in Allah ya yarda ba za ki ji shi a gidana ba." Ina bayan labule, da kunnena na ji.

Aikin gas ya kawo mu Doha, muka kama gida a unguwar Mesaimeer. A nan na san mutumin nan yana da wani tarihin daban. Duk Juma'a abokan maigidan sukan taru a falonmu bayan masallaci, injiniyoyi da likitoci, a ci shinkafa a sha shayi. Da hira ta yi daɗi sai maigidan ya ɗauko labarin kakan nasa. Wai ɗan maƙeri ne, da riƙon linzami ya fara. Wai kibiya ta shige masa cinya, ya karya ta da hannunsa ya ci gaba da yaƙi. Wai bai taɓa juya wa ganuwa baya ba, ko wane gari ya tsaya a ƙofarsa sai ya buɗe. Ya tsufa ya mutu a kan buzunsa da tasbaha a hannu, shi ke nan kuma ya zama waliyyi. Ina kicin ina ji, wani lokaci har da sunan garinmu a jerin waɗanda aka buɗe, kamar ana lissafa tashoshin mota. In na yi magana bayan baƙi sun watse, sai ya ce, "Haba, tarihi ne fa. Khalas, ya wuce." Ya wuce mana, ga wanda kakansa ne ya riƙe wutar.

Mata biyu na fara haifa, babu abin da ya taso. Na ukun aka ce namiji ne. Muka yi wa Inna biza ta zo wankan jego, tsohuwar da ko Kano ba ta son zuwa ta hau jirgi saboda ni. Ta zo da kanwa, da gero, da ganyen darbejiya busasshe a ƙulle cikin zane.

A asibiti maigidan ya karɓi jaririn ya yi masa huɗuba. Ya sa baki a kunnensa ya raɗa suna, ni ina kwance ina kallo, Inna tana gefe tana murmushi. A al'adarmu mace ba ta tambaya, sai ranar suna take ji tare da kowa. Ban tambaya ba. Na dai lura kwanakin nan baffansa yana yawan kiransa daga gida, shi kuma yana fita baranda cikin wannan zafin yana amsawa.

Ranar suna da hantsi maza suka cika falo, har da maƙwabtanmu 'yan Zango na Ghana. Mu mata muna ɗaki, ƙofa a buɗe kaɗan, yaron yana cinyar Inna tana shafa masa man zaitun. Liman ya yi addu'a, sannan ya ɗaga murya ya faɗi sunan. Falo ya ɗauki "Allah ya raya." Wani ya ce, "Sarkin yaƙi ya dawo," aka yi dariya.

Hannun Inna ya tsaya. Ba ta yi kuka ba, ba ta dube ni ba. Ta gyara masa zane, ta kwantar da shi a kan gado a hankali, ta tashi ta shiga kicin ta ɗora ruwan wankana.

Da na tare maigidan, cewa ya yi baffa ne ya matsa, babu yadda zai yi da manya. Na ce Inna fa, ita ba babba ba ce? Ya ce ai za a saka masa laƙabi, kowa ya huta. Wallahi ban taɓa jin tsanar mutum irin ta ranar ba, kuma har yau ba ta gama fita ba.

Inna ta cika arba'in ɗinta cif. Ta dama mini kunun kanwa, ta gasa mini jiki, ta wanke kayan jariri. In maigidan ya durƙusa gaishe ta tana amsawa. Amma yaron ba ta ƙara ɗaukarsa ba, ita da take goya yayyensa har su yi barci. In ya yi kuka sai ta ce, "Ke, ana kiranki."

Ranar tafiyarta na raka ta filin jirgi da yaron a kafaɗata. A bakin layin shiga na miƙa mata shi, na ce, "Inna, ko addu'a ki yi masa. Jikanki ne." Ta daɗe tana kallon fuskarsa. Hannuwanta suna riƙe da jaka, ba ta sake ta ba.

Ta ce, "Allah ya raya musu ɗansu."