Minti Ukun Madam Afaf

Shekara ashirin da shida Madam Afaf ta yi a ɗakin bincike na wata jami'a a Iskandariyya, aikinta kuma ɗaya ne: ta ba ƙwayoyin halitta abinci, ta bar su minti biyar cif suna ƙera furotin, sinadarin gina jiki, sannan ta tsunduma kwalaben cikin ƙanƙara don aikin ya tsaya. Ƙwayar halitta ba ta jiran kowa. Kafin ka kurɓi shayi sau biyu ta gama sarƙar furotin guda ta kama wata. Ɗalibai kan tsokane ta, wai ko fatiha da agogo take karantawa.

Wata Talata, kwana arba'in da rasuwar mijinta, tana riƙe da kwalaben Merfat, ɗalibar digiri na uku mai gwada ruwan wani ganye, sai ga tsohuwar abokiyar aikinta a bakin ƙofa, ta zo ta'aziyya tun daga Damanhur. Wa ke katse mai ta'aziyya? Suka rungume juna, suka yi kuka. Da ta waiwaya, agogo na nuna minti takwas. Ta sa kwalaben a ƙanƙara, ta rubuta biyar. Kunya ce ta hana ta faɗa, ba komai ba.

Sakamako ya fito kamar ganyen na ƙara wa ƙwayoyin sauri. Merfat har da guɗa. Daga nan ta shafe shekara biyu tana maimaitawa, abin ya ƙi fitowa. Afaf na kallonta tana ramewa, abin na cin ta a rai, amma kullum sai ta ce gobe za ta faɗa mata.

Bara, bayan ta yi ritaya, ta shiga wani kantin magani sayen ƙwayar hawan jini, sai ga Merfat a bayan kantar tana sayar da magani.

"Anti Afaf! Har yanzu kina tsawata wa agogo?"

"Ke kuma me kike yi a nan, 'yata?"

"Na haƙura da digirin, Anti. Hannuna ne ba shi da kyau. Naki sau ɗaya ya taɓa, abu ya fito."

Afaf ta dafa kantar. "Ba biyar ba ne ranar. Takwas ne. Ni na rubuta biyar."

Merfat ta ƙulle maganin a leda ta miƙo mata.

"Da ranar kika faɗa min, Anti, ai da Talata ɗaya kawai na rasa."