'Yar Bango da Batirin da Ta Adana

A layinsu 'Yar Bango ake ce mata, kuma ba ta taɓa musa sunan ba, don kullum ka leƙa shagon yayanta za ka same ta a lungu, kafaɗarta manne da bango, laftof a kan ɗan teburi, wayar caja ta miƙe zuwa soket. Buga takardu take yi. Ɗalibai na kawo mata aikin makaranta, masu neman aiki na kawo nasu, ita kuma yatsunta ba sa jiran kowa. Shagon na lemo ne da ruwan sanyi. Yayanta ya ba ta lungun tun bayan rasuwar mahaifinsu, ita kuma tana kula masa da ciniki duk sa'ad da ya fita, kuma Yaya mutum ne da ƙafarsa ba ta son zama.

Laftof ɗin kawunsu ne ya bar mata da ya yi ritaya, tsohuwa ce mai nauyi, irin wadda ake zare batirinta ta baya. Ran da ta kai ta wurin mai gyara a duba, ya ce, "Anti, tunda kullum a jone kike, ki cire batirin ki ajiye. Zafi ke kashe shi." Iyakar abin da ya faɗa ke nan, wani kwastoma ya ja hankalinsa. Ita kuwa mace ce mai tsabta, ba ta ajiye tukunya da sauran abinci a ciki. Sai ta bar laftof ɗin tana aiki har batirin ya ƙare ƙarƙaf, sannan ta zare shi, ta naɗe a tsohon ɗankwali, ta tura ƙasan akwatinta.

Tana da dalilinta. A bakin ƙofar kwaleji akwai ƙawarta mai sayar da biro da littattafai, wadda ta daɗe tana ce mata, "Ki zo ki kafa teburi a rumfata, nan ɗaliban suke." Rumfar ba ta da wuta, saboda haka batirin nan shi ne hanyar fitarta daga shagon Yaya, kuma ba za ta ƙarar da shi a banza ba.

Ta sha wahalar wannan adana. Da an ɗauke wuta, allon ya yi ɗif, aikin da ba ta ajiye ba ya tafi. Yaro ya zo sayen lemo ya yi tuntuɓe da waya, ɗif. Matar Yaya ta zare caja don ta jona wayarta, ta ce, "Au, kina aiki ne?" Har 'Yar Bango ta saba danna maɓallin ajiya bayan kowane layi. Yaya kan yi dariya ya ce, "Ke dai da batirin nan kamar gwal. Ki saka shi mana ki huta." Sai ta ce, "Lokacinsa bai yi ba, Yaya."

Lokacin ya yi ta matsawa. Wata shekarar Inna ce ba lafiya, wata kuma matar Yaya ta haihu, wata Yaya ya ce ta bari zafi ya wuce, ciniki ya yi yawa. Bai taɓa hana ta ba, roƙonta yake yi, kuma roƙon ya fi hani ɗaure mutum. Ta gaji, gajiya irin wadda barci ba ya maganinta. Ƙarar firji ma ta ishe ta.

Rannan da rana ta tsaya gabansa ta ce, "Yaya, gobe zan koma bakin kwaleji."

Ya ce, "To, Allah ya sa albarka. Da ma ina neman inda zan sa sabon firji."

Ta warware ɗankwalin, ta mayar da batirin mazauninsa, ta jona. Wata 'yar fitila ta kama ƙyaftawa, ta ɗauka caji yake sha, ta rufe ta bar shi har aka tashi.

Washegari ƙawarta ta share mata gefen rumfa, har da ɗan benci. Iska na kaɗawa, babu bango ko ɗaya kusa da ita. Wata ɗaliba ta zo da takardu a hannu, ta ce sauri take yi. 'Yar Bango ta buɗe laftof ta danna. Shiru. Ta sake dannawa, ta zare batirin ta hura, ta goge da gefen mayafi, ta mayar. Ɗalibar ta jira iya jiranta, ta ce bari ta je ta dawo.

Mai gyara ya gwada da na'urarsa ya girgiza kai. "Yaushe rabon da ki yi masa caji?"

"Tun ranar da ka ce in ajiye. Sai da ya ƙare tas na cire."

"Kai, Anti. Da rabin caji ake ajiye shi, kuma a riƙa waiwayarsa lokaci-lokaci. In ya zauna wayam, mutuwa yake yi." Ya ce irin wannan ma an daina kawowa, amma zai cigita mata. Daga yadda ya faɗa ta gane ba za a samu ba.

Da la'asar ta isa shagon. Sabon firjin ya cika lungun, teburinta kuma an fitar da shi waje an jera katon-katon na ruwa a kai. Yaya ya dube ta, ya dubi jakar da ke kafaɗarta, bai tambaye ta komai ba. Ta tsaya a bakin ƙofa, kunya da baƙin ciki sun rufe ta.

"Yaya," in ji ta, "ko za a ɗan matsa min firjin nan, waya ta samu wucewa?"

Ya ce, "Shigo. Da ma fita zan yi, ki ɗan kula min da shagon."