Inji Ɗaya, 'Yan Majalisa Uku

Ni mai fenti ne tun asali. Shagona yana bakin kasuwar Rogo, ina rubuta allunan Islamiyya da na masu kemis. Ban yi arziki ba, amma ban taɓa kwana da yunwa ba. Idan na je ƙauyenmu can wajen Zoza, mahaifiyata, Inna, takan kama hannuna mai dabbaren fenti ta nuna wa mata, ta ce da wannan ɗanta yake ci. Ku samarin da kuke bin motocin 'yan siyasa kuna ihu, da ku nake. Sunana ba zai amfane ku da komai ba, na bar shi.

Ɗan majalisar jiha na farko da na yi wa aiki tsohon malamin makaranta ne. Mazaɓar ma ba zan faɗa ba, tsakanin Karaye da Rogo dai ku zaɓa. Shi ya haƙa wa ƙauyenmu rijiyar burtsatse, ta gaskiya, da tanki da injin da ke jan ruwa da hasken rana. Ni na rubuta allonta. Daga ranar Inna ta daina zuwa kududdufin da shanu ke sha, kuma a wurinta ni na kawo ruwan, tunda rubutuna ne a jiki.

Zaɓe ya zo, malam ya sha ƙasa, wani ɗan kwangila daga wata jam'iyya ya hau. Sakatarensa ya same ni a shago ya ce allon garinmu ya koɗe, a shafe a sa sunan sabon Onarabul. Na ce ai ba shi ya haƙa ba. Ya yi dariya ya ce, "Kai aka tambaya? Buroshi ne naka, ka yi aikin buroshi." Wallahi abin bai yi mini nauyi ba. Na shafe, na rubuta, aka zo da makaɗa aka sake buɗe rijiyar da mutane suka shekara huɗu suna sha.

Daga nan sakatare ya gane ni mai sauƙin kai ne, ya buɗe mini sauran. Za a haƙa rami a ƙauye, a ɗora tanki, in kafa allo. Inji fa? Ya ce aro za mu yi. Ya ba ni riga mai ruwan ɗorawa irin ta ma'aikata da takarda mai hatimi. Da rana tsaka nake shiga gari, in yi sallama da mai unguwa, mu gaisa har da tambayar iyali da gona, in ce injinsu yana neman lalacewa, Onarabul ya ce a kai Kano gyara. Su da kansu suke kama mini mu zaro shi. Har gyaɗa suke zuba mini a buhu. Washegari injin yana wani ƙauyen, ruwa na zuba, ana guɗa, ana ɗaukar hoto. Bayan mako biyu in koma da rigata in ce gyara.

Haka inji ɗaya ya yi ta yawo, Onarabul ya yi zango biyu a kansa. Da zai faɗi, wani matashi ne ya kayar da shi, mai zaƙin baki, wanda ya yi kamfe da cewa rijiyoyin ƙarya sun ƙare. Kayya! Kujera ta sauya mai zama, sakatare ya sauya hula ya zauna inda yake, ni ma na sayi fenti launin sabuwar jam'iyya.

A zamaninsa ne injin yawon ya ƙone, saura kwana biyu a buɗe wata rijiya can wajen iyakarmu da Karaye. Sakatare ya ce wanda ya rage mai lafiya na garinmu ne. Na ce ban da wannan, uwata a nan take sha. Ya ce, "Haba, kwana uku ne fa. Ko kuwa in nemo wani mai fentin?" Na sa rigata na tafi.

Yayana ne ya kama mini muka zaro shi. Inna ta dama mini fura, ta zauna tana kallona ina sha, ta ce, "Allah ya yi maka albarka, kai ne dai kake kula mana da rijiyar nan." Na ce amin. Da bakina na ce amin.

Bayan biki injin bai dawo ba. Gidan gonar Onarabul ya wuce, ana ba wa mangwaro ruwa. Duk zuwan da na yi gida sai Inna ta ce, "Ka tuna wa Onarabul, ɗan nan, ƙafata ba ta son hanyar kududdufi." Ni kuma in ce ana jiran kayan gyara. Na taɓa hango ta daga kan babur, ta ɗauko bokiti tana ɗingishi, na kauce ta bayan gari don kada mu haɗu. Ban san sunan da zan kira kaina da shi a ranar ba, yanzu na sani: ɓarawo.

Asirina a kasuwa ya tonu. Mutanen ƙauyuka suna haɗuwa wajen sayar da hatsi, wannan ya ce injinsu yana Kano, wancan ya ce nasu ma, kuma mai rigar ɗorawar guda ne. Da na shiga gari na gaba ba su bari na gama gaisuwa ba. Na daku, aka miƙa ni caji ofis. Na ba da lambar sakatare, aka kira shi a gabana, ya ce, "Wane ne haka? Ban san shi ba." Onarabul kuwa ya shiga rediyo yana gode wa Allah an kama mai yi wa ayyukansa zagon ƙasa.

A kotu yayana ya ba da shaida a kaina, kuma gaskiya ya faɗa. Da za a wuce da ni ya matso ya ce, "Inna ta ce a tambaye ka, ranar da ka sha furarta, ka san ba za ka dawo da shi ba?" Na ce a raina sai na fito zan je in durƙusa in amsa mata da kaina. Alƙali ya ba ni shekara uku.

A damina ta biyu Yaya ya zo gidan yari. Amai da gudawa sun shiga garinmu, Inna tana cikin waɗanda suka tafi. Bai zage ni ba, da ma ya zaga. Ya ce kawai ruwan da aka yi mata wanka da shi daga kududdufi aka ɗebo, sai da mata suka tace shi da kallabi sau uku.

Yanzu na fito. Ɗan majalisa na huɗu ne a kan kujera, ban san halinsa ba, ba zan yi masa ƙarya ba. Sakatare ya je Makka ya dawo, Alhaji ake ce masa. Na bi ƙauyukan ɗaya bayan ɗaya na nemi gafara, wasu sun yafe, wasu sun tofa yawu, kuma duk sun yi daidai. Na tuba ga Allah, ina fatan ya karɓa.

Ku ji ni da kyau. Ba da sata aka fara da ni ba, da "shafe ka rubuta" aka fara. Duk ranar da aka kawo muku ƙaramin aiki irin wannan, ku ce a'a tun yana ƙarami, domin ranar kamu mai kujera bai san ku ba. Ku zaɓi wanda za ku zaɓa, amma ku je ku murɗa famfon da hannunku bayan makaɗa sun tafi.

Allon yana nan a garinmu, tanki a bushe. Idan rana ta haska shi ana ganin tsohon rubutuna a ƙarƙashin sabon fenti. Ta gabansa nake wucewa in je maƙabarta, in tsuguna in ba Inna amsarta: na sani, Inna. Tun kafin in ɗaga ƙwaryar na sani.