Ranar da Katangarmu Ta Yi Shiru

Ko zan manta komai a zaman aurena, ban da ranar da tattalina ya tashi kwance mini zani a gaban surukata. Shekaru sun ja, amma har yau in na tuna sai kunya ta kama ni.

Lokacin muna haya a Damba, nan cikin Gusau, ni da maigidana da 'ya'yanmu uku. Shi yana sayar da takalma a kasuwa, ni kuwa ina gida ina mulkin tukunya. Kuma mulki na yi, ba na wasa ba. Ni 'yar 'Yankuzo ce, gidan noma na tashi, na san irin gumin da ake yi kafin dawa ta zama tuwo. Da kaka ta yi sai in sa Malam ya sayo mana masara da wake a kasuwar Tsafe tun suna araha. Tumatir in ya cika kasuwa in yanka in shanya, kuɓewa ma haka. Dunƙule ɗaya raba shi nake, rabi yau rabi gobe. Man gyaɗa da murfin kwalba nake auna shi. Ƙanzo ba ya zuwa bola a gidana, jiƙa shi nake in yi kwaɗo. Niƙa kuwa na kwana biyu kacal nake kaiwa inji, don na lura in gari ya yi yawa hannu ba ya tausayinsa. Da na sauke tukunya sai in watsa wa garwashi ruwa, ya bushe, gobe ya sake yi mini aiki. Duk wannan ba laifi ba ne, har yanzu ina yi.

Inda na yi ɓatan kai shi ne wajen katanga. Tsakaninmu da wata dattijuwa da duk layin ke kira Inna akwai 'yar gajeruwar katanga, kuma ta kanta ake zumunci. In Inna ta yi ɗanwake sai ka ji ta ƙwanƙwasa murfin kwano a kai, ka miƙa hannu ka karɓa. Sauran maƙwabta biyu ma haka suke yi. Ƙa'idar guda ce, kowa ya san ta: kwano ba ya komawa gidansu wayam.

Wata rana ina zuba wa Inna dambu sai na tsaya da ludayi a hannu. Na ce wai ni, wannan ba abincin mutum guda nake jefawa bayan katanga kullum ba? Kun ga, abin da ke fita kaɗai idona ya gani. Abin da ke shigowa kuwa, ai wannan rabona ne daga Allah, ba ya shiga lissafi. Daga ranar na fito da sabuwar dabara. In kwano ya zo, in juye, in wanke shi tas har yana ƙyalli, in mayar da shi da dogon godiya: "An gode, Inna, Allah ya bar zumunci." Wato ni da nake yanka zumuncin, ni ce mai roƙon Allah ya bar shi.

Ba wadda ta ce mini uffan. Kwanonin dai suka riƙa raguwa, har katanga ta yi tsit. Malam ne ya fara lura. Ya ce, "Ni kam kwana biyu ban ga ɗanwaken Inna ba. Lafiya dai ko?" Na ce masa tsufa ne, hannunta ya gaji. Ya dube ni ya ce, "To, a dai yi hattara." Na ce a raina, namiji me ya sani game da tukunya? Har ina jin kaina a sama, ina ganin na toshe wata ɓaraka da sauran mata suka kasa gani.

Wata Laraba, ana shirin kiran azahar, na sauke shinkafa da wake daidai cikin mutum biyar, na watsa wa garwashina ruwa kamar kullum. Sai na ji sallama. Surukata ce daga Nahuce, ta Bunguɗu, da mata shida a bayanta. Sun zo dubiyar wata 'yar uwarsu a asibiti, suka biyo su yi salla su sa wani abu a ciki kafin su koma tasha. Kuma ba zama za su yi ba, kowa ya san ba a son yamma ta yi wa mutum a hanya.

Na shimfiɗa tabarma, na kawo ruwa, na faɗa kicin ina salati. Buhuna ga su nan jingine, masha Allah, amma ko ludayi ɗaya na gari babu, gobe ce ranar niƙa. Wake sai ya yi awa biyu a wuta. Wutar ma ina take? Gawayin ya sha ruwa sharkaf, na hura, na fifita, hayaƙi kawai yake ba ni har hawaye na zuba. Ga abinci cike da ɗaki, ga baƙi da yunwa.

Ina cikin wannan sai na jiyo surukata tana ce wa matan, "Ku kwantar da hankalinku. Wanga layi na mutanen kirki ne. Wancan zuwan da na yi, kafin in idar da salla kwano uku sun hauro katanga. Ɗiyata ta iya zama da mutane." Innalillahi! Ashe har Nahuce ta kai labarina. Matan suka idar da salla, suka zauna, kowace tana satar kallon katangar. Ni ma ina kallonta ta tagar kicin. Ko ƙadangare bai hau ba.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Na ja mayafi, na lallaɓa ta bayan shanya, na fita na zagaya ƙofar Inna. Wallahi tafiyar ba ta kai taku ashirin ba, amma ji na yi kamar Tsafe zan je a ƙafa. Na same ta zaune a gindin murhu. Na durƙusa na gaishe ta.

Ta ce, "Amarya, yau ke ce da kanki? Mi ya faru, katangar ta yi tsawo ne?"

Na ce, "Inna, baƙi na yi."

"Na ji shigowarsu. Su bakwai, ko?" Ta nuna mini wata babbar samira a gefenta, an ɗaure ta da ƙyalle. "Tun ɗazu na tuƙa na zuba. Kwanon ne ya ƙi tafiya, ya ce sau huɗu yana dawowa daga gidanki da yunwa."

Da ƙasa za ta tsage da na shige. Na ce, "Inna, na yi kuskure, ki yafe mini." Na miƙa hannu zan ɗauka, sai ta buge mini hannu.

"Ke, ba ki da wayo sai na murfin kwalba? Ki shiga da shi a hannu surukarki ta san roƙo kika fito? Koma gida. Ta inda ya saba zuwa, ta nan zai zo."

Ban gama cire mayafi ba na ji ƙwanƙwasar murfi a kan katanga. Tuwon masara ne mai zafi da miyar kuka, har da man shanu. Kafin in ajiye, ga wani kwanon daga gidan sauran maƙwabta, Inna ta riga ta yi musu magana. Matan suka ci suka ƙoshi, suna ta sa wa layinmu albarka, ni kuma ina amsa "amin" kamar da hannuna a ciki.

Na raka su bakin titi ina murna asirina ya rufu. Surukata ta bari matan suka yi gaba, sannan ta riƙo hannuna ta ce a hankali, "Ɗiyata, na ga fitar mayafinki, na kuma ga shigowar kwano. Ki riƙe matar nan hannu biyu. Ta fi ki sanin darajarki." Har ta koma ga Allah ba ta taɓa tayar mini da zancen ba.

Ranar na gane kowane gida rumbu biyu gare shi, ɗaya a cikin ɗaki, ɗaya a tukunyar maƙwabta. Na farkon in ka rage hannu ƙaruwa yake yi. Na biyun kuwa, ranar da ka daina zubawa ranar ya fara ƙarewa, kuma ba za ka sani ba sai baƙo ya yi sallama.