Sunan da Na Taya a Kwamfuta

Gara in faɗa da bakina: ni ne wawan labarin nan, kuma da rawanina a ka na yi wautar.

Shekarun da nake shugaban ƙungiyar manoman shinkafa a Gummi, wata malamar sakandare, Kirista ce daga kudu, ta ce mu buɗe shafin intanet don 'yan kasuwar nesa su san da mu. Baba take ce mini, ni kuma in ce ɗiyata. Ta ce shafi sai da suna, sunan kuma wurin wani kamfani ake yi masa rajista.

"Amma Baba, kada ka bincika sunan sai ranar da za mu biya. Wasu kamfanonin suna kallon abin da mutane ke nema, su riga su."

Na ce to. A raina kuwa na ce yarinya ba ta san wa take wa karatu ba. Ajina huɗu a firamare, amma na tsufa ina dillancin shanu a kara. Na sha ba ta labarin yadda nake jin baƙo na yaba saniya, in zagaya in saye ta, in dawo in tsuga masa kuɗi.

Ranar kasuwa na shiga shagon kwamfuta, na sa aka buga sunan ƙungiyarmu. Aka ce babu mai shi, ga farashi. Na taɓe baki yadda kwamfutar za ta gani, na ce ya yi tsada, na fita a hankali ina jiran a kira ni. Ba a kira ni ba. Washegari na koma na sake tayawa, jibi ma haka. Don tabbacin da nake da shi, har na sa aka buga sunan a jikin sababbin buhunanmu.

Da malama ta zo biya, suna ya yi mai shi. Kamfanin da na yi ta tayawa wurinsa ne ya riƙe, ya kafa masa kuɗin da ya fi ƙarfinmu.

Ba ta yi faɗa ba. Ta dubi buhu, ta dubi allo, ta ƙara sunan garinmu a ƙarshen sunan, ta biya wani kamfani nan take kafin ta ɗaga hannu daga kan kwamfutar. Ta kawo shawarar a yi hatimi a buga ƙarin a kowane buhu. Ban taɓa ganin ciniki mai tsafta irin wannan ba, har a kara.

Ni kuwa sai na gyara murya na ce wannan zalunci ne, mutanen intanet ba su da tsoron Allah.

Ta ce, "Baba, sun ji baƙo na yaba saniya ne, suka zagaya."