Da Kin Ce Ruwa Ne

Adama 'yar dashe ce. Tun tana budurwa take shiga fangalin shinkafa a gonakin Kura, ruwa har ƙwauri, baya a sunkuye, kuma duk mai gonar da ke son layinsa ya miƙe ita yake aika wa. Mijinta Lukmanu direban motar tumatir ne zuwa Kudu. Da hatsari ya yi ajalinsa, bai bar mata gona ba, bai bar mata ɗaki ba. Gadon da ya bar mata wasu ƙuraje ne masu ruwa a gabanta, su fito su yi ta raɗaɗi kamar an watsa barkono, su bushe, a kwana biyu su dawo. Ma'aikaciyar asibiti ta ce herpes ne, a shimfiɗa ake ɗauka, ba ya kisa, ba ya kuma rabuwa da mutum, sai dai magani ya kwantar da shi.

Bayan takaba, Datti mai sayar da taki a kasuwar Bunkure ya fara zuwa zance. Mutum ne mai sanyin magana, Adama kuwa ta so shi ba kaɗan ba. Da aka fara zancen sa rana, ta je wa Gwaggo Mairama da damuwarta.

"Ke, rufa min baki," in ji Gwaggo. "Wace 'yar dashe ce ba ta da ƙuraje? Ki ce ruwa ne. Haka kowa ke cewa, aure kuma ana ta yi."

Adama ba ta iya ba. Ita da aka ɓoye wa, ta san ɗacin abin. Da la'asar a zaure ta faɗa wa Datti komai, idonta a ƙasa. Ya ce, "Allah ya sawwaƙe," ya tayar da babur, ko zoɓon da ta kawo bai ƙarasa ba. Wai shawara ya nema wurin yayarsa. Yayar kuma ta nemi shawarar gari gaba ɗaya.

Matan da suka shekara suna cin ɗanwake kwano ɗaya da ita suka ce ba za su ƙara shiga fangali da ita ba, kada ta sa musu a ruwa. Ruwan nan dai da ake ɗora wa laifin ƙurajen kowa, yau shi ake karewa daga Adama! Aka ware mata fangalin ƙarshe, inda ruwa ke fita. Lukmanu kuwa har gobe in an ambace shi sai a ce bawan Allah, Allah ya jiƙansa. Ita ma ta ce amin, don ba a tonon mamaci.

Satin da aka ɗaura wa Datti aure da wata, ya biyo ta bakin gona da hantsi, ya kashe babur. Ya waiga hagu da dama tukuna.

"Adama, wallahi har yanzu kina raina. Me ya kai ki faɗa min? Da kin ce ruwa ne, da yanzu kina ɗakina."

Ta miƙe, damin irin shinkafa a hannunta yana ɗiga.

"Malam Datti, da ka ɗauka fa?"

Ya gyara hula.

"Sai ni ma in ce ruwa ne."

Adama ta dube shi har ya kawar da kai. Sannan ta sunkuya ta ci gaba da dashenta, ita kaɗai.